Ƙagaggun Labaran Kisan Kai na Zamanin Sarauniya Biktoriya

Daga cikin rassan adabin Turanci da suka fi kasuwa a yau akwai ƙagaggun labaran bincike da ake ginawa a kan kisan kai na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Birtaniya daga 1837 zuwa 1901, wato ta rasu shekara biyu kafin sojojin Gwamna Lugga su ci Kano da Sakkwato. Marubutan waɗannan littattafai ba su ga wancan zamani da idonsu ba. Takardun kotu da tsoffin jaridu da rahotannin 'yan sanda suke tonawa, su ɗauko maganar wata gawa da aka tsinta fiye da shekara ɗari da suka wuce, su sake tayar da ita. Wani yakan ɗauki shari'ar da ta auku da gaske, da sunayen mutanenta, ya cike guraben da takardu suka bari. Wani kuma zamanin kawai yake ara, da titunansa da dokokinsa, sai ya ƙirƙiro nasa kisan da nasa ɗan sandan. Akwai kuma masu gamin gambiza, su haɗa mutumin da ya taɓa rayuwa da wanda ba a taɓa haifa ba a ɗaki guda.

Ya kamata a bambanta su da littattafan da aka rubuta a cikin zamanin kansa. Charles Dickens da Wilkie Collins da Arthur Conan Doyle, wanda ya fito da Sherlock Holmes a 1887, labarin duniyar da suke ciki suke bayarwa. Hazon Landan da keken doki da fitilar gas duk abubuwan yau da kullum ne a wurinsu. Amma su ne suka aza tubalin, kuma duk wanda ya zo daga baya a kan gininsu ya ɗora, ko yana bin sawunsu ko yana musa musu.

Abin da ya sa wannan zamani ya fi sauran jan hankali yana da nasaba da yadda birni ya kumbura. A 1801 mutanen Landan ba su fi miliyan ɗaya ba sosai. Kafin 1901 sun haura miliyan shida. A ƙauye kowa ya san kowa har da kakanninsa, amma a irin wannan birni mutum na iya sauka daga jirgin ƙasa, ya kama ɗakin haya da sunan da ba nasa ba, ya ɓace cikin jama'a. Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, sai dai aikinsu na farko sintiri ne cikin kayan sarki. Turawan Ingila na lokacin sun ƙyamaci ɗan sandan farin kaya, suna ganin leƙen asirin mutane ɗabi'ar gwamnatin Faransa ce. Sai a 1842, bayan wani mai kisa da ake kira Daniel Good ya yi kwanaki yana yawo ba a kama shi ba, aka buɗe sashen bincike a hedkwatar rundunar, Scotland Yard, da mutum takwas kacal. A 1877 aka gurfanar da wasu manyan jami'an sashen bisa cin hanci, shekara guda bayan haka aka rushe shi aka sake masa tsari. Marubuci da ya zaɓi wannan zamani ya samu ɗan sandan da sana'arsa sabuwa ce, ɗan talakawa ne, kuma masu gidan da yake bincike suna kallonsa a matsayin wanda bai isa ya shigo ta babbar ƙofa ba.

Sai kuma jarida. Da aka soke harajin kan sarki da ke kan jaridu a 1855, farashinsu ya faɗi, talaka ya fara saye. Jaridar Illustrated Police News, wadda ta fara fitowa a 1864 a kan kwabo ɗaya, shafinta na farko zane-zanen gawawwaki ne da masu kisa. Manyan jaridu kuwa sukan buga bayanan shaidu kusan kalma da kalma, shafi bayan shafi. Har zuwa 1868 a bainar jama'a ake rataye mutum, 'yan talla na zagayawa da takardun da ke ɗauke da abin da suka ce furucinsa ne na ƙarshe. A watan Nuwamban 1849 dubun dubatar mutane suka taru don kallon rataye Frederick Manning da matarsa Maria, waɗanda suka kashe abokinsu Patrick O'Connor suka binne shi a ƙarƙashin daɓen ɗakin girkinsu a unguwar Bermondsey. Dickens yana cikin 'yan kallo, kuma halin taron ya girgiza shi har ya rubuta wa jaridar The Times yana neman a daina rataya a fili. Bayan 'yan shekaru Maria Manning ta sake ɓullowa a littafinsa Bleak House a siffar wata 'yar aiki Bafaranshiya, Hortense, tare da Sufeto Bucket, wanda aka ƙera daga wani jami'i na gaske, Charles Field. Tun daga farko ke nan kotu ke ciyar da adabi, kuma tarin rubutun da wancan zamani ya bari shi ne rumbun da marubutan yau ke ɗiba.

Akwai wani dalili da ya shafi sana'ar rubutu kanta. Mai binciken wancan lokaci hannunsa kusan wofi ne. Sai a 1901 Scotland Yard ta buɗe ofishin zanen yatsu, kuma a wannan shekarar ce aka gano gwajin da ke bambanta jinin mutum da na dabba. Kafin nan, mahauci ko wanda ya ce kaza ya yanka zai iya tsira da jini a rigarsa. Ba waya a aljihu, ba kyamara a titi. Abin da jami'i ke da shi ƙafa ce da ido da iya tambaya, kuma wannan ya fi daɗin bayarwa a labari fiye da jiran sakamako daga ɗakin gwaji. 'Yan sababbin dabarun da ake da su kuwa sun haifar da labarai masu sa zuciya bugawa. A 1845 saƙon tangaraho ya riga John Tawell isa tashar Paddington, bayan ya shayar da wata mata guba a kusa da Slough ya hau jirgi. A 1864 aka yi kisan farko a cikin jirgin ƙasa a Birtaniya: wani tela Bajamushe, Franz Müller, ya daki wani dattijon ma'aikacin banki, Thomas Briggs, ya jefo shi waje, ya manta hularsa a taragon ya tafi da ta mamacin. Ya shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska zuwa New York. 'Yan sanda suka bi shi a jirgi mai tiriri, suka riga shi sauka, suka zauna jiransa a bakin gaɓa.

Guba ita ce makamin da ya fi tsorata mutanen zamanin, domin tana shiga ta hannun wanda aka yarda da shi. Arsenik farin gari ne kamar sukari, ba shi da wani ɗanɗano, ana sayar da shi a kantin unguwa don kashe ɓera, kuma alamun wanda ya sha suna kama da na amai da gudawa da ke kashe mutane a kullum. James Marsh ya fito da gwajin gano shi a jikin gawa a 1836, kuma dokar 1851 ta wajabta wa mai sayarwa ya rubuta sunan mai saye, ya kuma gauraya garin da kunkunniya ko shuni don kada a ɓoye shi cikin abinci. Duk da haka shari'o'in ba su yanke ba. An rataye likita William Palmer a 1856. A 1857 kotun Edinburgh ta saki Madeleine Smith, 'yar wani babban mai zanen gine-gine a Glasgow, da hukuncin cewa ba a tabbatar da laifin ba, bayan an karanta wasiƙun soyayyarta a gaban jama'a. An rataye Mary Ann Cotton a Durham a 1873. An wanke Adelaide Bartlett a 1886, kuma Julian Symons ya mayar da shari'arta ƙagaggen labari a 1980 da sunan Sweet Adelaide.

Shari'ar da ta fi kowace tasiri a kan wannan reshe na adabi ta auku ne a ƙauyen Road, a kan iyakar Wiltshire da Somerset. A safiyar 30 ga Yunin 1860 mai rainon yara a gidan Samuel Kent, wani sufeton masana'antu, ta farka ta tarar gadon ƙaramin yaro, Francis Saville, ɗan shekara uku, ba kowa. Aka bazama nema, aka same shi a cikin masai na barori a bayan gida, an yanka maƙogwaronsa. Gidan an kulle shi daga ciki da dare, taga ɗaya ce aka tarar a ɗan buɗe. Abin da ya tayar da hankalin ƙasar gaba ɗaya shi ne wanda ya yi kisan ɗan gida ne, kuma gidan na masu mutunci ne. Kent ya auri malamar 'ya'yansa bayan rasuwar uwargidansa, don haka akwai 'ya'yan marigayiya da 'ya'yan amarya a ƙarƙashin rufi guda, kuma yaron da aka kashe na amarya ne.

'Yan sandan yankin sun fi zargin mai raino, Elizabeth Gough, domin zargin 'yar aiki ba ya ɓata wa kowa rai. Bayan kusan mako biyu aka turo Sufeto Jonathan Whicher daga Landan, ɗaya daga cikin mutum takwas na farko na sashen bincike. Shi kuwa littafin lissafin wanki ya duba. Constance Kent, 'yar shekara goma sha shida daga ɗakin marigayiya, tana da rigar barci uku, amma ɗaya ta ɓace tsakanin gida da hannun mai wanki. Whicher ya yi imanin cewa rigar da ta ɓaci da jini ce aka salwantar, ya kama yarinyar. Ba shi da rigar a hannu, ba shi da mai shaida. Kotu ta sake ta, jaridu suka yi masa caa, cewa ɗan talaka ya ci mutuncin ɗiyar manya. Sunansa ya zube, a 1864 ya ajiye aiki. Shekara guda bayan haka Constance, wadda ke zaune a wani gidan addini a Brighton, ta shaida wa wani limamin coci cewa ita ta yi, ta kuma maimaita a gaban kotu. Aka yanke mata hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, ta yi shekara ashirin, ta fito a 1885, ta tafi Ostireliya da sabon suna, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta rasu a 1944 tana da shekara ɗari. Har yau akwai masu ganin bayanin da ta bayar bai cika ba, kuma mai yiwuwa ta rufa wa ɗan'uwanta William asiri ne.

Wilkie Collins ya ɗauki ƙashin wannan shari'a ya gina The Moonstone a 1868. Ya mayar da kisan satar lu'ulu'un da wani soja ya wawuso daga Indiya, amma ya bar babban gidan ƙauye, da jami'in da ya zo daga Landan, Saje Cuff, da rigar barci mai tabo da ta ɓace, da 'yar aikin da zargi ya fara faɗa wa. Daga nan aka samu tsarin da dubban littattafai suka bi: gida a rufe, mutane ƙididdigaggu, kowa da abin da yake ɓoyewa. A 2008 Kate Summerscale ta koma ga shari'ar ta asali a The Suspicions of Mr Whicher. Littafin tarihi ne, ba ta ƙirƙiri komai ba, amma ta jera shi yadda ake jera labarin bincike, ya yi kasuwa ƙwarai, ya ci kyautar Samuel Johnson, ya kuma nuna wa marubuta da yawa irin dukiyar da ke kwance a cikin tsoffin takardu.

Waiwayen wancan zamani ya fara ne tun ƙurar ba ta lafa ba. A 1913 Marie Belloc Lowndes ta fitar da The Lodger, labarin wasu tsofaffin barori, miji da mata, da talauci ya kai su bango, sai ga wani baƙo mai kuɗi ya kama ɗaki a gidansu a daidai lokacin da ake kashe mata a titunan Landan. Matar gidan ta fara lura da fitarsa cikin dare, zuciyarta ta gaya mata gaskiya, amma kuɗin hayarsa ne abincinsu. Ƙarfin littafin yana cikin shirun wannan mata, kuma har yau kaɗan ne suka kamo shi. Alfred Hitchcock ya mayar da shi fim a 1927. Amma reshen a matsayin sana'a mai zaman kanta sai a 1970 ya tsaya da ƙafarsa, lokacin da Peter Lovesey ya fitar da Wobble to Death, inda Saje Cribb ke binciken mutuwar wani ɗan wasa a gasar tafiyar ƙafa ta kwana shida a Landan ta 1879. Anne Perry ta biyo baya a 1979 da The Cater Street Hangman, farkon jerin littattafan Sufeto Thomas Pitt da matarsa Charlotte. Dabararta mai sauƙi ce kuma mai amfani: shi ɗan sanda ne da ba ya shiga falon manya, ita kuwa ɗiyar manya ce da ke jin abin da mata ke faɗa a wurin shan shayi. A 1990 ta buɗe wani jerin da William Monk, jami'in da haɗari ya mantar da shi ko wane ne shi. A 1994 aka gano cewa Perry ita ce Juliet Hulme, wadda kotun Niyu Zilan ta samu da laifin kisa a 1954 tana 'yar shekara goma sha biyar. Ta ci gaba da rubutu har rasuwarta a 2023.

Babu inda marubuta suka fi yi wa tururuwa kamar Whitechapel, kuma babu inda aibin wannan adabi ya fi fitowa fili. Tsakanin 31 ga Agusta da 9 ga Nuwamban 1888 aka kashe mata biyar a wannan matalauciyar unguwa ta gabashin Landan da kewayenta: Mary Ann Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly. Ba a kama kowa ba. Sunan Jack the Ripper daga wata wasiƙa ya fito da aka aika wa wani kamfanin dillancin labarai, kuma manyan 'yan sandan lokacin sun yi zargin wani ɗan jarida ne ya rubuta ta. Tun a makonnin farko zargi ya faɗa kan Yahudawa baƙi da suka cika unguwar, aka kama wani mai ɗinkin takalma, John Pizer, daga baya aka wanke shi. Da yake gurbin mai laifin a buɗe yake, kowane marubuci sai ya cusa wanda ya ga dama. Conan Doyle bai taɓa haɗa Holmes da wannan mai kisa ba, amma na baya sun yi ta haɗa su, kamar Michael Dibdin a 1978 da Lyndsay Faye a 2009. Alan Moore da Eddie Campbell, a littafinsu mai zane From Hell, sun bi zancen da Stephen Knight ya yaɗa a 1976, suka ɗora kisan a kan Sir William Gull, likitan Sarauniya. Gull ya haura shekara saba'in a lokacin, kuma ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi tun 1887. Moore kansa bai ce ya yarda da zancen ba. Ya yi amfani da shi ne don tona rashin adalcin zamanin, kuma ya cika bayan littafin da bayanin inda ya ƙirƙira. Amma mai kallon fim ɗin da aka yi a 2001 ba ya ganin wannan bayani. An kuma zargi jikan Sarauniya, Yarima Albert Victor, alhali takardun fada sun nuna ba ya Landan a ranakun. Mamaci ba ya iya kare kansa, kuma ƙazafin da aka saka cikin labari mai daɗi ya fi na jarida daɗewa a kunnen mutane.

Wata illar ta fi wannan girma. Mutumin da ba a sani ba ya zama tauraro, da doguwar hula da baƙar jaka a cikin hazo, har ana zagayawa da 'yan yawon buɗe ido wuraren da ya yi ta'asa, matan kuwa sun zama gawawwaki kawai da ake ƙirgawa. Hallie Rubenhold ta juya akalar a 2019 da littafin tarihi The Five, wanda bai damu da mai kisan ba sam. Ta bi rayuwar kowacce tun daga haihuwa. Nichols ɗiyar maƙeri ce, matar mai aikin ɗab'i, uwar 'ya'ya biyar, kuma a daren da aka kashe ta an kore ta daga makwancin haya saboda ba ta da kwabo huɗu na gado. Chapman matar direban keken dokin wani attajiri ce kafin giya ta raba ta da gidanta. Stride daga Suwidin ta zo, ta taɓa buɗe shagon sayar da gahawa da mijinta. Rubenhold ta ce babu hujjar cewa uku daga cikinsu karuwai ne, kuma tana ganin suna barci a titi aka afka musu. Wasu masana sun yi mata gardama a kan wannan, amma bayan littafinta ya yi wuya marubuci mai kishin aikinsa ya ci gaba da ɗaukar waɗannan mata a matsayin kayan ado na labari.

Littattafan da suka fi daraja a wannan reshe su ne waɗanda suka shiga inda takardun kotu suka yi shiru. Kafin dokar 1898, wanda ake tuhuma a Ingila ba shi da damar hawa ya ba da shaida bisa rantsuwa don kare kansa. Lauyoyi da likitoci da 'yan jarida su ke magana a kansa, shi yana zaune. Idan 'yar aiki ce ko matalauci, abin da ya rage na muryarsa bai wuce takardar furucin da wani ya rubuta masa ba. A nan ne ƙagaggen labari ke da aikin da tarihi ba zai iya ba, kuma misalin da ya fi kowanne shi ne Alias Grace na Margaret Atwood, wanda ya fito a 1996.

A watan Yulin 1843, a Richmond Hill da ke arewa da Toronto, lokacin Kanada na ƙarƙashin Sarauniya, aka kashe wani mai hali, Thomas Kinnear, da mai kula da gidansa, Nancy Montgomery, wadda kuma farkarsa ce. Barorin gidan biyu, James McDermott da Grace Marks, 'yar shekara goma sha shida da ta yi ƙaura daga Ailan, suka tsere da kayan gidan zuwa Amurka, aka kamo su. Aka rataye McDermott. Grace aka sassauta mata, ta yi kusan shekara talatin a kurkukun Kingston, da ɗan zama a gidan mahaukata, aka yi mata afuwa a 1872, daga nan labarinta ya yanke. Bayanan da ta bayar sun saɓa wa juna, na McDermott ma haka. Wasu sun ce ita ta zuga shi don kishi, wasu sun ce yarinya ce da tsoro ya sa ta bi shi. Atwood ta taɓa yarda da bayanin da Susanna Moodie ta rubuta a 1853, har ta yi wasan talabijin a kansa, sai daga baya ta gano ƙarin gishirin da ke ciki. A littafin ta ƙirƙiro wani likitan ƙwaƙwalwa, Simon Jordan, da ke zuwa yana yi wa Grace tambayoyi tana ɗinki a gidan shugaban kurkukun. Grace tana ba shi labarin jirgin da ya kawo su, da mutuwar mahaifiyarta a teku, da yadda ake wanki da goge daɓe da kwashe tukunyar fitsari, tana kuma zaɓen abin da za ta faɗa da wanda za ta riƙe. Atwood ta bayyana cewa ba ta sauya abin da aka tabbatar ba, a guraben kawai ta yi ƙirƙira, kuma ba ta yanke hukunci ko Grace ta yi ko ba ta yi ba. Mai karatu yana rufe littafin bai san wanda ya shaƙe Nancy ba, amma ya san abin da ake nufi da zama 'yar aiki marar gata a gidan wani.

Graeme Macrae Burnet ya bi ta wata hanyar a His Bloody Project na 2015. Kisan mutum uku da wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya yi a wani ƙauyen manoma a tsaunukan Sikotilan a 1869 duk ƙirƙira ce, amma ya gabatar da shi a siffar takardun da aka tono: bayanan maƙwabta, rahoton likitoci, rubutun yaron daga kurkuku, da zaman kotu. Tun shafin farko an san wanda ya yi. Abin tambaya shi ne dalili, da ko yana cikin hankalinsa, da kuma rawar da zaluncin wakilan mai ƙasa ya taka. Peter Ackroyd kuwa, a Dan Leno and the Limehouse Golem na 1994, ya jefa Karl Marx da marubuci George Gissing cikin jerin waɗanda ake zargi da kashe-kashen da shi ya ƙago. Sarah Waters a Fingersmith na 2002 ta shiga gidan ɓarayi da gidan mahaukata, inda miji ke iya kulle matarsa da sa hannun likita biyu.

Kayan aikin marubucin yau sun fi na magabatansa yawa. Bayanan shari'o'in kotun Old Bailey daga 1674 zuwa 1913 suna intanet kyauta. Akwai ƙidayar jama'a ta kowace shekara goma da ke nuna wanda ya kwana a kowane gida, da hirarrakin da Henry Mayhew ya yi da 'yan tallan Landan, da taswirar Charles Booth ta 1889 da ta shafa wa kowane titi launi gwargwadon talaucin mazaunansa. Yawan kayan ma yakan zama tarko, domin wani marubucin sai ya juye duk abin da ya karanta a shafi, labari ya tsaya cik ana bayanin magudanar ruwa. Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne a sa wa mutumin yau tufafin jiya: jarumin da ba ya raina talaka, ba ya ƙyamar baƙo, ya yarda mace daidai take da namiji, shi kaɗai a cikin al'ummar da ba ta yarda da ko ɗaya ba. Irin wannan jarumi yana kwantar wa mai karatu hankali, amma yana rage wa zamanin gaskiyarsa. Babu mace 'yar sanda a Birtaniya sai lokacin Yaƙin Duniya na Farko, don haka marubucin da ke son mace mai bincike dole ya nemo mata ƙofar shiga da zamanin zai yarda da ita, kamar jinya ko aikin jarida ko zawarci mai 'yanci.

Akwai kuma tazara tsakanin kisan da ke cikin littattafai da wanda ya cika kotunan wancan lokaci. Yawancin shari'o'in ba su da wani sirri: miji ne ya bugu ya daki matarsa har ta mutu, ko faɗa a bakin mashaya, ko 'yar aikin da ta yi ciki ta haihu a ɓoye ta salwantar da jaririn don kada a kore ta. Dokar talakawa ta 1834 ta ɗora nauyin ɗan da aka haifa ba aure a kan uwa kusan ita kaɗai, kuma daga nan aka samu mata masu karɓar jarirai da kuɗi da sunan riƙo. Mafi ƙaurin suna a cikinsu, Amelia Dyer, an rataye ta a 1896 bayan an tsamo gawawwakin jarirai daga kogin Thames a Reading. Irin waɗannan shari'o'i ba su da hazo da doguwar hula, kuma an daɗe ana tsallake su. Marubutan 'yan shekarun nan, mata musamman, sun fara karkata gare su, suna barin falon attajirai suna sauka ɗakin girki da ɗakin wanki da gidan gajiyayyu, inda mafi yawan waɗanda aka kashe da waɗanda aka rataye a zamanin suka fito.